Zangarniya ta yi tsawo amma buhu bai cika ba: iri ne ko zafi?

Ɗan_Maiurno
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga manoman alkama ce da waɗanda suka karanci noma. Hawashata, wato gonata ta ban-ruwa, da ta maƙwabcina a yankin Manakil na jihar Jazira a Sudan suke, abu ishirin ɗaya, wato ƙaramar magudanar ruwa, ke ba mu ruwa, kuma tsakanin shukarmu bai kai mako biyu ba. Alkamata ta fi tasa kyau a ido nesa ba kusa ba. Zangarniya doguwa, mai kauri, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi mini barka. Tasa gajeru ne. Da aka yi girbi ya tashi da buhu 16 a fadan, wato fili ɗan fiye da eka ɗaya, ni 12 da ɗan ɗori. Na murza tawa a tafin hannu, sama fanko, gindi fanko, tsakiya kaɗai ke da ƙwaya.

Me ke kawo haka? Na biyu kuma, niyyata daga bana in riƙa bin gona ina tsinke manyan zangarniyoyi cikakku ina ajiye su iri, shekara bayan shekara, har in samu irin kaina mai cika tun daga gindi har sama. Haka iyayenmu suka yi da gero da dawa, ban ga abin da zai hana alkama ba.

Baffa_Hawasha
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a kama iri da laifi, yaushe ka shuka, wane iri ne, kuma ruwa ya taɓa makara maka alkamar na da ciki? Mako biyun nan da ka ambata a wuce, a Jazira ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan_Maiurno
Baffa, shi ya shuka wajen 20 ga Nuwamba, ni sai da Disamba ta kama saboda jiran tarakta. Irinsa Imam ne da takardarsa. Nawa a kasuwa na saya, mai shi ya ce daga arewa aka kawo, bai faɗi suna ba. Ruwa kuma ya makara sau ɗaya, ni ne a wutsiyar magudanar, har ƙasa ta tsattsage. A lokacin kai bai fito ba tukuna.

Baffa_Hawasha
To ai ka ba kanka amsa.

Injiniya_Rakiya
Baffa ya taɓa wurin, amma a ba ni dama in buɗa shi, domin yawancinmu sai kai ya fito muke fara duba gona da kyau, alhali a lokacin an kusa gama rabon ƙwaya.

Yaya, ɗauki zangarniya ɗaya ka duba. Za ka ga 'yan gidaje jere hagu da dama a jikin sandar tsakiya, galibi 15 zuwa 20. Tun zangarniya na 'yar mitsitsiya a cikin kara, kowane gida yakan fara furanni 8 zuwa 10, wani ma ya wuce. Amma waɗanda ke rayuwa har su zama ƙwaya ba sa wuce 3 zuwa 5 a gidajen tsakiya. Na sama da na gindi 1 ko 2 ne, wani lokaci babu. Sauran mutuwa suke yi ido bai gan su ba.

Dalili shi ne, a makonni biyu zuwa uku kafin bunni, kara na miƙewa da gudu, zangarniya ma na girma, kuma a kwano ɗaya suke ci, wato abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana. In kwanon bai isa ba, ƙananan furannin da suka zo daga baya su ake fara hanawa. Wani masani ɗan Ostireliya, Tony Fischer, ya nuna tun 1985 cewa yawan ƙwayar da gona za ta bayar ya rataya ne a kan hasken rana da sanyin da shuka ta samu a wajen kwana 30 kafin bunni. Rana mai yawa da sanyi, ƙwaya ta yawaita. Zafi kuwa kora shuka yake yi ta ƙetare wannan lokacin da sauri ba ta tara komai ba. Ƙishirwar da taka ta sha tana da ciki, daidai wannan gaɓar ta faɗa.

Sannan akwai zafin da ke kashe bunnin kansa. In yanayi ya haura digiri 30 na 'yan kwanaki lokacin da garin bunni ke haɗuwa, ko ranar da furen ke buɗewa, sai ka ga gida lafiyayye da ƙaiƙayinsa amma ba komai ciki.

Hajiya_Gadarif
Bayani ya yi, 'yata, Allah ya ƙara sani. Amma ni a kan tambaya ta biyu ina bayan Ɗan_Maiurno. Mahaifiyata kafin a sa lauje a dawa sai ta zagaya da kwando ta zaɓi kawunan da suka yi mata, ta ɗaure ta rataye a ɗakin girki hayaƙi na bugunsu. Har ta rasu ba ta sayi iri ba, kuma dawarta sananniya ce a unguwa.

Malam_Sinnar
Allah ya jiƙan ta. Ajiye hatsi a zangarniyarsa ma shawarar Annabi Yusuf ce, alaihis salam, ga mutanen Masar, tana nan cikin surarsa. Wanda ya ajiye irinsa da hannunsa ya san abin da zai shuka. Da Ɗan_Maiurno ya yi haka da bai faɗa hannun mai irin da ba suna ba.

Injiniya_Rakiya
Amin, Hajiya. Abin da Inna ta yi daidai ne, kuma ya yi aiki ne saboda dawar gargajiya dama gauraye take, akwai bambancin gado a cikinta da za a zaɓa. Gero ya fi haka ma, iska ce ke kwasar bunninsa daga wannan kai zuwa wancan. Alkama kuwa furenta kansa yake yi wa barbara, galibi tun bai gama buɗewa ba. Iri kamar Imam an tace shi har ya zama kusan duk tsiron da ke gonar gadonsu ɗaya. Zangarniyar da ta fi girma a cikinsa, in ka duba, a bakin kwari take ko inda taki ya zube ko inda shuka ta yi tazara. Wannan girman na wuri ne, ba ya bin 'ya'ya. Wani masani ɗan Denmak, Johannsen, ya gwada haka da wake tun 1903: ya yi ta zaɓar manyan ƙwayoyi daga zuriya guda tatacciya, 'ya'yan suna komawa matsakaicin zuriyarsu.

Ɗalibi_Halfa
Anti, ina da ja kaɗan. Maganarki a kan tataccen iri ce. Shi kuwa Yaya irin kasuwa ya saya. Irin nan sau da yawa sharar injin girbi ne, an bi gonaki goma da iri huɗu. In haka ne zaɓensa zai iya raba mai kyau da maras kyau.

Injiniya_Rakiya
Haka ne, ƙanena. Zai iya tsamo mafi kyau daga cikin abin da ke buhun. Abin da ba zai iya ba shi ne ya fitar da wanda babu shi ciki. Kuma in girman zangarniya ya bi, zai iya tsamo daidai wanda ya ba shi fanko, domin irin da ya saba da dogon hunturun arewa yakan makara wajen fitar da kai, ya gina babbar zangarniya, sannan zafin Jazira ya riske shi.

Kawu_Dungula
Wannan gaskiya ne. Mu nan Dungula a arewa sanyi na daɗewa, har Fabrairu da bargo muke kwana. Irin da zai ba ka mamaki a Dungula ka kai shi Madani, babban birnin Jazira, ya ba ka kunya. Ni ban ma yarda a riƙa sayar da "irin arewa" haka kawai ba suna ba.

Abu_Yasir_Damazin
Jama'a, na ga wani bidiyo a Facebook na alkama mai rassa, zangarniya ɗaya ta yi 'ya'ya a gefe da gefe, sun ce tana ninka amfani sau da yawa. Me ya sa ba a kawo mana ita ba? Ko masu shigo da fulawa ne ba sa so?

Ɗalibi_Halfa
Alkamar nan gaskiya akwai ta, kuma tsohuwa ce, ba sabon abu ba. Dangin alkamar taliya ce, Turawa na danganta ta da Masar. A Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1940 an tallata ta da ƙarfin gwamnati, aka ce za ta cika rumbuna, ba ta kai ko'ina ba. Gidaje sun yawaita amma da yawa ba sa ɗaukar ƙwaya, waɗanda suka ɗauka ƙanana ne, kuma sai an shuka ta da tazara take yin rassan, ka ga an rage yawan zangarniya a fili. Masu bincike har yanzu suna nazarin ƙwayar gadon da ke sa rassan, amma a gona ba ta doke alkamar da muka sani ba.

Abu_Yasir_Damazin
To. Amma batun masu shigo da fulawa ban janye ba.

Ustaz_Lissafi
Ku bari in sa alƙalami, misali ne kawai don a ga nauyin abin. Amfanin gona abu uku ne ake ninkawa: yawan zangarniya a murabba'in mita, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, da nauyin ƙwaya. Fadan murabba'in mita 4,200 ne.

A ce zangarniya 350 a mita, kowace da ƙwaya 30, kuma ƙwaya dubu na da nauyin giram 38. Wannan ya ba da giram 399 a mita, wato kilo 1,676 a fadan, kusan buhu 17 mai kilo 100. Ƙara ƙwaya 5 kacal a kowace zangarniya, su zama 35, sai ka tashi da kilo 1,955. Kusan buhu 3 ke nan daga ƙwaya biyar da ido ba zai lura da su ba. Amma in ƙwayoyin 35 suka motse, nauyin dubu ya sauko giram 33, ka koma kilo 1,698. Kusan duk abin da aka samu ya tafi.

Maman_Gurasa_Kasala
Wannan na ƙarshen shi ne nawa. Ni ba manomiya ba ce, saye nake yi in kai niƙa. Motsattsiyar alkama dusa ce rabi. Ka auna kela, ma'aunin hatsinmu, cike, ka tankaɗe, ka ga abin da ya rage a ƙwarya. Don Allah masu gyaran iri, in kuna ƙara yawan ƙwaya ku tuna da mu. Kuma akwai wadda garinta ba ya ɗaukar ruwa, ƙullun ya yi ta tsinkewa a hannu.

Injiniya_Rakiya
Maman, kukanki shi ne babban ciwon kan masu kyautata iri a duniya. Sau da yawa in ƙwaya ta yawaita sai ta ƙanƙance, musamman ƙwayoyi na uku da na huɗu a gida, dama su ne ƙanana. A ƙasa mai sanyi shuka na da lokacin cika su. A nan zafin Maris na yanke lokacin cikar.

Duk da haka, yawancin ƙarin da alkama ta samu a duniya daga yawan ƙwaya ya zo, ba daga girmanta ba. Ku tuna gajeriyar alkama. Wani iri ne na Japan mai suna Norin 10 aka kai Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, daga can ya isa hannun masanin kyautata iri Norman Borlaug a Meziko, aka fitar da gajerun iri a farkon shekarun 1960, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1970. Mutane sun fi sanin cewa gajeriyar ba ta kwanciya in ta sha taki. Amma akwai na biyu: da kara ya rage tsawo, abincin da yake ci sai ya koma wa zangarniya, furanni da yawa suka rayu. Imam ɗin maƙwabcin Yaya ma daga wannan gidan ya fito, daga zuriyar Attila ta CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko.

Yanzu ba za a ci gaba da gajarta kara ba, ya kai iyaka. Shi ya sa aka koma neman zangarniyar da ta iya tattali, wadda ke ba da ƙwaya da yawa ba tare da ta kashe abinci wajen gina sanda da ƙaiƙayi da gashi ba. Awon ba wuya. A ɗebi zangarniyoyi busassu, a murje, a ƙirga ƙwaya, a auna duk abin da ya rage a sikeli mai kama ƙasa da giram, a raba. Misali, doguwa mai ƙwaya 45 da ƙaiƙayi giram 0.6 ta ba da 75 a kowane giram. Gajeriya mai ƙwaya 42 da ƙaiƙayi giram 0.4 ta ba da 105. A ido ta farko ce sarauniya, amma ta biyu ce mai haihuwa, kuma galibi irinta na iya tsayar da zangarniyoyi da yawa a fili ɗaya. Masu bincike a Balkarse ta ƙasar Ajantina sun daɗe a kan wannan awo, sun nuna hali ne da ake gada, ana iya zaɓe a kansa.

Sale_Jauf
Salam daga Saudiyya. Ina aiki a gonar alkama a yankin Jauf, irin mai injin ban-ruwa da ke zagaye. Abin da Injiniya ta faɗa ina ganin sa da idona. Irin da aka fi shukawa a nan Yecora Rojo ne, gajere ƙwarai, da ƙyar ya wuce gwiwa da kaɗan, zangarniyarsa ba abin a zo a gani ba ce. Amma tan 6 a hekta ba labari ba ne a nan. Ruwa ba ya makara ko na yini ɗaya, taki a cikin ruwan ake narka shi ana ba ta kaɗan-kaɗan, ga dare mai sanyi. Mu abin da muke tsoro ma jaura ce. In ta sauka kai na fitowa, bayan kwana kaɗan za ka ga saman zangarniya ya yi fari fat, ba ƙwaya. Ku zafi, mu sanyi, fanko dai ɗaya ne.

Baffa_Hawasha
Ka ji ko? Tsohon iri ne fa wannan da Sale ya ambata, tun muna samari ake jin sunansa. Ruwa a kan lokaci da taki a kan lokaci. Ni abin da nake faɗa ke nan tun farko. A ba ni ruwa duk kwana 12 zuwa 14 ba fashi, a ba ni tarakta a farkon Nuwamba, ko tsohon iri Dibera aka ba ni zan cika buhu.

Sale_Jauf
Baffa, amma ruwan nan da tsada aka same shi. Saudiyya ta taɓa noma sama da tan miliyan 4 a 1992 har tana fitarwa waje, da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya dawowa. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida a hankali har aka tsayar a 2016, daga baya aka sake buɗewa da iyaka. Rijiyar gonar da nake, tsofaffin ma'aikata sun ce an sha ƙara mata bututu. Don haka mu ma nan maganar ta koma ƙwaya nawa za a samu da ruwa kaɗan, kuma wannan aikin iri ne.

Auwalu_Kadawa
Gaisuwa daga Kano, 'yan'uwa. Ina bin muhawarar nan da sha'awa don matsalarmu ɗaya. Mu shinkafar damina ke riƙe fili, kafin a girbe a gyara an shiga Disamba, wasu har Janairu. In hunturu ya yi ƙarfi a ci riba, in ya janye da wuri a sha mamaki. Atila da muke shukawa ashe dangin Imam ɗinku ne. Cibiyar binciken tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke fitar mana da iri, irin su Norman da Reyna. Tambayata ga Injiniya, an gano takamaiman abin da ke kashe furannin nan a gado, ko har yanzu lalube ake?

Injiniya_Rakiya
Malam Auwalu, an fara ganowa. A 2019 masana daga Japan da Jamus da wasu ƙasashe sun bayyana wata ƙwayar gado da suka kira GNI1. Aikinta danne furannin da ke can saman kowane gida. Irin da ke ɗauke da nau'inta mai rauni yakan tsayar da ƙarin ƙwaya a gida. An tarar ma manoma da masu zaɓen iri sun daɗe suna tara wannan nau'in ba su san sunansa ba. Akwai wasu da ke taɓa yawan gidajen. Amfanin sanin su shi ne a duba ɗan ganyen tsiro a ɗakin gwaji a san abin da ya gada, ba sai an jira girbi ba. Amma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da abin ba, suna da yawa, kuma wadda ta yi aiki a Jamus dole a gwada ta a zafinmu.

A nan ne Sudan ke da daraja. Wad Madani na cikin wurare mafi zafi da ake noman alkama a duniya, shi ya sa CIMMYT da ICARDA, cibiyar binciken noma a busassun yankuna, suka daɗe suna turo iri a gwada a wurin Hukumar Binciken Noma. Jami'ar Tottori ta Japan ma ta yi aiki da hukumar a kan zuriyoyin da aka shigar musu da gadon wata ciyawar daji, kakar alkama, aka gwada su a Madani da Hudeiba da Dungula don neman masu jure zafi.

Kawu_Dungula
Allah ya mayar da Madani yadda take. Lokacin da yaƙi ya shiga garin a Disamba 2023 alkama na gona. Ina tunanin layukan gwajin nan da mutane suka yi shekaru suna bi.

Injiniya_Rakiya
Amin, Kawu. Abin da ciwo, domin rumbun adana iri na ƙasa ma a can yake, kuma bai tsira ba. Abin da ya rage zafin shi ne akwai irin Sudan da aka ajiye a rumbun Svalbard na ƙasar Norwe, an ƙara kai wasu a Fabrairu 2025. ICARDA ma da yaƙi ya raba ta da rumbunta na Halab a Siriya, daga Svalbard ɗin ta karɓo nata a 2015 ta sake tayarwa.

Ku san wahalar da ke cikin layi ɗaya. Na yi wannan aikin da hannuna lokacin karatu. Da sassafe za ka zauna a kan 'yar kujera tsakanin layuka, ka zaɓi zangarniyar da ta fara leƙowa daga riga, koriya shar. Ka cire gidajen sama da na gindi, a kowane gida ka fizge furannin tsakiya ka bar biyu na gefe, ka datse bakinsu da almakashi. Sai ka sa ɗan hantsaki ka zaro jakunkunan bunni, uku ne a kowane fure, ƙanana, kore. In ɗaya ta fashe ko ka manta ta, aikin ya ɓaci. Ka rufe da 'yar jakar takarda ka rubuta. Bayan kwana biyu zuwa huɗu, in matar furen ta buɗe ta yi gashi-gashi, ka yanko zangarniyar uban, ka datse ta, ka riƙe a rana har jakunkunan su leƙo rawaya, ka zura cikin jakar ka juya. Abin da za ka samu 'yan ƙwayoyi ne motsattsu. 'Ya'yan farko duk kamarsu ɗaya, a jikoki ne gado ke watsewa, kowane tsiro da halinsa. Daga nan zaɓe da tacewa zuriya biyar ko shida, sai gwajin amfani a tashoshi daban-daban, sai kwamitin sakin iri. Shekara 10 zuwa 12 ke nan. Borlaug ya rage lokacin ta hanyar shuka sau biyu a shekara a wurare biyu a Meziko, yanzu kuma da fitilu ana iya samun zuriya har shida a shekara a ɗaki, amma gwajin gona ba shi da gajeriyar hanya.

Malam_Sinnar
Subhanallah. Muna cin gurasa ba mu san wannan ba. Allah ya saka wa masu wannan aiki.

Ɗan_Maiurno
Na gode ƙwarai, jama'a. Na karanta duka. Zan nemi Imam ko Zakiya ko Gumriya mai takarda don yawancin hawashar. Amma zuciyata ba ta saki zaɓen nan ba. A cikin gonar akwai wasu tsirrai da suka bambanta, sun riga saura fitar da kai, gajeru, kuma cike suke har sama duk da ƙishirwar. Na ware zangarniyoyinsu suna rataye. Zubar da su zan yi?

Ɗalibi_Halfa
Kada ka zubar, Yaya! Kuma kada ka haɗa su wuri ɗaya ka murje. Kowace zangarniya ka murje ta daban, ka shuka ta a layinta, ka kafa ɗan itace da lamba. Bayan kowane layi biyar ka sa layin Imam don kwatance. A tsakiyar gona, ba bakin kwari ba. Layin da ya fito bai-ɗaya kuma ya doke Imam na kusa da shi, shi za ka riƙe ka ƙara gwadawa baɗi a fili mafi girma.

Injiniya_Rakiya
Na goyi bayan wannan. Ka rubuta ranar da kowane layi ya fitar da kai. Lokacin girbi kada ka zaɓi kyawawa, ka yanki tsawon mita ɗaya a tsakiyar layi gaba ɗaya, ka ƙirga zangarniya, ka ƙirga ƙwaya, ka auna ƙwayar da ƙaiƙayin. Zai yiwu ka tarar Imam ne ko Nilain ya gauraya a buhun tun farko. Ko hakan ne, ka samu tsabtataccen iri da hannunka. Shekara ɗaya kuma ba ta isa hukunci ba, hunturu ba ya maimaita kansa.

Baffa_Hawasha
Ku yi gwajinku, ban hana ba, ilimi ne. Amma ɗana, in ka sake shuka a Disamba, layukan nan duka fanko za su ba ka, har da na Imam ɗin. Ka kama mai tarakta tun Oktoba ka ba shi kafin alƙalami. Yuriya kuma ka raba biyu, kashi na biyu ya shiga kafin ta yi ciki, ba bayan kai ya fito ba kamar yadda wasu ke yi. Kuma ku na wutsiyar abu ishirin ku haɗa kai ku yashe shi kafin lokaci.

Sale_Jauf
Baffa, a shekarar da zafi ya zo da wuri ko wanda ya shuka a kan lokaci yana ji a jikinsa. A ranar iri ne kaɗai zai tsaya maka.

Baffa_Hawasha
A irin wannan shekarar ni na ga wanda ya ƙara ruwa ɗaya daidai bunni ya tsira, maƙwabcinsa mai sabon iri bai tsira ba.

Hajiya_Gadarif
Ɗan_Maiurno, waɗanda ka rataye ɗin ka duba su saboda ƙwari. In ka murje, ka shanya sosai har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, ka sa kowace a ƙullinta da ɗan toka.

Maman_Gurasa_Kasala
In layin ya yi yawan da za a niƙa, a aiko mini ko rabin kela in kwaɓa in gani kafin ka cika gona da shi.

Ɗan_Maiurno
In sha Allah, Maman. Injiniya, sikelin da zai kama ƙasa da giram ɗaya fa, a ina ake samu? Na kantinmu daga giram 5 yake farawa.

Ustaz_Lissafi
Ba sai ka auna ɗaya-ɗaya ba. Haɗa ƙaiƙayin zangarniya 20 na layi guda ka auna tare, sai ka raba. Ƙaramin sikelin batir irin na masu sayar da zinariya ko turare zai yi, ana samu a kasuwar Manakil ko Sinnar. Ka tabbata ƙaiƙayin ya bushe sarai, kuma duk layukan a rana ɗaya za ka auna su.